Kitson da Bai Isa Tsifa Ba

Akwai wata mai kitso da ke da ɗan shago a bakin wani layi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da magani. Kowa 'Yar Baba yake kiranta, don tun tana ƙarama ba a raba ta da mahaifinta. Ko da ta yi aure ta haihu, duk ƙarshen mako sai ta je ta share masa ɗaki, ta wanke masa kaya, su zauna hira.

Mahaifin nata tsohon malamin makaranta ne. Bayan rasuwar matarsa ya yi shekaru ba ya doguwar magana da kowa, sai kwatsam aka ji ya fitar da littafi. A ciki ya ba da labarin rayuwarsa, har da abin da mutane ba su saba faɗa ba. Ya ce bayan ya binne matarsa shakka ta shige shi. Yana sallah, yana azumi, amma zuciyarsa tana jefo masa tambayoyin da shi kansa yake tsoronsu.

To, kun san halinmu. Littafin mai kauri ne, amma shafi ɗaya tak aka ɗauki hotonsa aka watsa a waya. Shi ne inda ya rubuta: "Na daɗe ina ɗaga hannu ina addu'a, zuciyata tana tambayata ko akwai mai ji."

Kafin ka ce kwabo, gari ya ɗauka. Wanda ya karanta da wanda ko bangon littafin bai gani ba, kowa ya zama alƙali.

Shagon kitso kuwa shi ne babbar kotu. A nan akwai wata mai sayar da yadi da ake yi wa laƙabi da Anti Lasifika, amma a bayan idonta. Idan ta buɗe baki, har mai gyaran waya sai ya rage sautin rediyonsa.

Ran nan tana zaune 'Yar Baba tana yi mata ƙananan kitso, shago cike da mata, sai ta ɗauko zancen.

"Ni dai na faɗa, boko idan ya yi yawa kai yake juyawa. Mutum ƙafarsa ɗaya a kabari, maimakon ya riƙe carbi sai ya riƙe biro?"

Wata ma'aikaciyar jinya da ke jiran layi ta ce, "Anti, kin karanta kuwa? Ni na karanta har ƙarshe, wallahi sai da na yi kuka. Ba haka maganar take ba."

"Allah ya tsare ni! In karanta in kwaso me? Wanda na gani a waya ma ya ishe ni istigfarin shekara." Ta ɗan juya kai. "Ki yi haƙuri fa, 'Yar Baba, gaskiya ɗaya ce. Ku ja masa kunne tun da sauran numfashi."

'Yar Baba ta ci gaba da kitsonta. Ta ja tsaga, tsagar ta karkace. Ta sake ja, ta sake karkacewa. Ita da ake yabon hannunta a duk layin, ranar sai da ta warware kitso ɗaya ta sake shi.

Tun daga lokacin ta rasa sukuni. Idan ta zauna sai ta miƙe, idan ta miƙe ta rasa abin da ta tashi yi. Ta share shagon da ta riga ta share. Wayarta ta yi ƙara, ta ga "Baba" a kai, ta kife ta a kan benci. Ƙarshen mako ya zo ya wuce ba ta je ba, wani ma ya zo ya wuce.

Ba kunyar mutane ce kaɗai ke cin ta ba. Tsoro ne. Ta riga ta rasa uwa, amma tana sa ran za su haɗu a lahira. Idan Baba ya mutu a kan abin da ake faɗa fa? Wannan tunanin shi ke hana ta haɗiye abinci. Littafin kuwa, da Baba ya ba ta da hannunsa, ta ƙi buɗe shi, don gani take duk abin da ya iya girgiza Baba, ita ɗauke ta zai yi gaba ɗaya.

Maigidanta ya gaji da ganin ta tana safa da marwa a tsakar gida, ya ce, "Wai ke, ba ki san hanyar gidanku ba ne? Ki je ki tambaye shi mana."

Ta ce, "In tambaye shi in ji me? In ya ce min gaskiya ne fa?"

Ya ce, "To ki daina zagayen nan, jiri kike sa ni."

A ranta ta gama tsara abin da za ta faɗa wa tsohon: ko ya janye littafin nan, ko ita da gidan sai dai labari. Kullum tana maimaita maganar tana gyara ta, kullum ƙafarta tana ƙin tafiya.

Ana cikin haka, wata rana da hantsi aka sako ruwa, layi ya zama ba kowa. 'Yar Baba tana ta jera mataji tana sake wargaza su, sai ga Anti Lasifika ta shigo, gyalenta jiƙe. Ba sallamar nan tata mai cika ɗaki. Ta zauna a kan tabarma ta zare ɗankwali.

"Tsefe min kitson nan."

'Yar Baba ta duba. Kitson da ta yi mata ne, ko tashi bai yi ba.

"Anti, ai wannan bai isa tsifa ba."

"Yana ja na. Kaina ciwo yake."

Mai kitso ta san hannunta. Ta taɓa gindin gashin, babu inda ya ja, babu ƙurji ko ɗaya. Amma ta daɗe a sana'ar, ta san ba kowace mace ce ke zuwa shago don gashi ba. Ta ɗauki tsinke, ta zauna a kan kujera, Anti ta kwantar da kai a cinyarta, fuska tana kallon ƙasa.

Wanda bai taɓa zama shagon kitso ba ba zai gane wannan ba. Mai kitso ba ta ganin fuskar wadda take yi wa, ita ma ba ta ganin ta mai kitso. Maganar da ido ke hanawa, a nan take fita.

An tsefe layi ɗaya, an kama na biyu, sai Anti ta ce da wata ƙaramar murya da 'Yar Baba ba ta san tana da ita ba, "Na karanta shi."

Hannun 'Yar Baba ya tsaya.

"Ci gaba da tsifarki. In kika tsaya ba zan iya ba." Ta ja numfashi. "Can nesa na je na sayo, inda ba a san ni ba. A cikin yadi na naɗe shi. Kin tuna babban ɗana da ya rasu bara?"

"Na tuna, Anti. Allah ya ji ƙansa."

"Amin. Ranar da aka fita da shi ina ta cewa Alhamdulillahi, mata suna cewa ku dubi haƙuri, ku dubi tawakkali. Tun daga ranar nake tsayuwa a kan sallaya kamar icce. Bakina yana motsi, cikina babu kowa. Na ɗauka a duk duniya ni kaɗai ce tsinanniya. Sai na buɗe littafin babanki, na ga kamar ya leƙa cikin ƙirjina ya kwafe."

'Yar Baba ta ji wani ɗumi yana ratsa zanenta a daidai gwiwa. Ba ta leƙa ba. Amma haushi ya taso mata.

"To Anti, me ya sa kike cin mutuncinsa a gaban mutane?"

"Don kada a gane ni. Ba ki san ɓarawo ya fi kowa ihun a kama shi ba?" Ta yi 'yar dariyar da ba ta da daɗin ji. "Ni dai abu ɗaya ya kawo ni. A ƙarshe ya ce ya dawo hanya, amma rubutu rubutu ne. Ke kin karanta, kuma kin san shi ciki da bai. Gaya min tsakaninki da Allah, ana warkewa?"

Ruwa yana ta dukan kwano. 'Yar Baba ta nemi ƙaryar da za ta yi, ta rasa.

"Ban karanta ba."

Anti ta ɗago kai gaba ɗaya, rabin gashinta a tsefe, idanunta jajur. Ta kalle ta.

"Ubanki ne fa."

Ba da faɗa ta faɗe shi ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi sauƙi. 'Yar Baba ta ji kunyar da ba ta taɓa ji ba. Bare ta je har wata unguwa ta nemo ciwon mahaifinta, ita kuwa da aka ba ta kyauta hannu da hannu ta kasa buɗewa.

Daidai nan wata maƙwabciya ta faɗo shagon tana karkaɗe lema. Ta ga Anti, ta ga idanunta, ta ga kan.

"A'a! Anti, ba kwanan nan aka yi kitson nan ba? Lafiya?"

Ga dama ta samu. Kalma ɗaya 'Yar Baba za ta furta, kafin la'asar duk layin ya san wadda ke ɓoye littafin a cikin yadi. Ta ji maganar ta zo har kan harshenta. Sai Anti ta mayar da kai kan cinyarta, ta ji kan yana rawa.

Ta ce, "Laifina ne. Hannuna ya yi nauyi ran nan, na ja mata da yawa. Kin ga har hawaye ya sa ta."

Ta gama tsifar, ta kama mata gashin, ta rufe shago tun ruwa bai gama ɗaukewa ba.

Da ta shiga ɗakin Baba sai gabanta ya faɗi. Kayan sawa a tare a kan kujera, ƙura a kan teburin karatunsa, kofin shayi ya bushe a taga. Shi kuma yana zaune a bakin gado da tabarau a hannu, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ya ce, "Maraba da baƙuwa. Daga wane gari?"

Duk jawabin da ta yi makonni tana tsarawa ya bi ruwa. Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, tsoro nake ji. Ka gaya min gaskiya. Yanzu fa? Har yanzu kana shakka?"

Ya yi murmushi. "Ina yi mana."

Ta ji kamar ƙasa ta tsage.

"Tsaya, uwar gaggawa. Da ina shakka a kanSa. Yanzu kuwa shakkarSa nake, irin wadda bawa ke yi wa Ubangijinsa. Kalmar ɗaya ce, amma tafiyar da ke tsakaninsu ta kusa kashe ni. Ban bar sallah ko sau ɗaya ba, na ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofa ina kuka har aka buɗe."

Ta fashe da kuka. Da ta samu numfashi ta ce, "Akwai wata da ta ce in tambaye ka ko ana warkewa. Ba zan faɗi sunanta ba."

"Kada ki faɗa. Ki ce mata ana warkewa. Ta ci gaba da tsayuwa ko ba ta jin komai, kuma ta samu mutum ɗaya mai ilimi da tausayi ta gaya masa. Ciwon nan a ɓoye yake ƙiba."

Ya sa tabarau ɗinsa, ya sake cirewa.

"Kin san an zage ni. Wasu kuma sun kira ni suna kuka, mutanen da ban taɓa gani ba. Duk na gode musu. Amma ni mutum ɗaya na rubuta wa littafin nan. Shekarun nan kina zuwa kina share ɗakin nan, kina cewa Baba ka yi haƙuri, ina ce miki na yi. Sau nawa na buɗe baki in gaya miki, sai in ga idonki in fasa. Na ce bari in rubuta, ta karanta a inda ba na ganin fuskarta."

Ya ajiye tabarau ɗin a kan gado.

"Duk gari ya ba ni amsa, 'yata. Taki kawai nake jira."

Ta riƙe hannunsa da hannu biyu, ta ce, "Ka yafe min, Baba. Na bar ka kai kaɗai sau biyu, lokacin ciwon da lokacin zagin."

Darasi: Kada ka yanke wa mutum hukunci da shafi ɗaya na rayuwarsa, ka karanta shi har ƙarshe. Wanda ya faɗi raunin imaninsa hannu yake nema, ba dutse ba, kuma sau da yawa mai ɗaga murya wajen zagi shi ma ciwon ne ke cin sa a ɓoye. In naka ne ya shiga wannan hali, kai ya kamata ka fara isa wurinsa, ba bare ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila a cikinsu akwai wanda ya daɗe yana jiran a tambaye shi abin da ke damunsa.