Ƙwan Zabuwa a Akurkin Kaza

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru!

Wata shekara fari ya yi tsanani a dawa, sai Zaki ya sa Dila ya yi shela: "Bakuna sun fi hatsi yawa! Daga yau kowace tsuntsuwa ƙwai ɗaya za ta ƙyanƙyashe, sauran a fasa!"

Zabuwa ta dubi ƙwayayenta, ta kasa fasa su. Ta lallaɓa ƙauye, ta tura su ƙarƙashin Kaza, ta ce, "Yaya, ga amana."

Kaza ta ce, "Ƙwai ai ƙwai ne, ƙanwata. Kawo."

Ana nan, ana nan, damina ta yi albarka, sai fara ta sauka a gonar Zaki. Aka kira tsuntsaye gayyar tsince ta, tsofaffi kaɗai suka zo. Fara ta cinye gero kaf.

Zaki ya daka tsawa: "Ina samari? Na janye doka, ku hayayyafa!"

Zabuwa ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙwan da aka fasa bara ba ya tsince farar bana."

Ta ruga ƙauye, ta leƙa danga, ta hango 'ya'yanta sun yi ɓul-ɓul, suna tsince fara a gonar mutane. Ta kira su. Autan ya juya ga Kaza ya ce, "Inna, wace ce wannan baƙuwa mai irin zanenmu?"

Shi ya sa har yau, rana na faɗuwa, za ku ji Zabuwa kan reshe tana kira: "Ku dawo, ku dawo!"

Ƙurunƙus kan ɗan kusu! Ba don kukan nan nata ba, da kun ce ƙarya nake.