Sunan da Malam Ya Ji Kunyar Faɗa

Shekara shida ke nan babu Malam a gidan nan. Ku matso, akwai shawarar da ta fi ƙarfina.

Malam, maigidana, direba ne a wata masana'antar man gyaɗa a Funtua. Ranar da ake sa ma'aikata cikin inshorar lafiya, aka ce kowa ya faɗi sunayen iyalinsa. Ya faɗi nawa da na ƙananan yara, ya tsallake 'yarmu ta fari, don uba ba ya kama sunan ɗan fari. Malama Ramatu mai cika takardu ta ajiye biro.

"Malam, asibiti bai san kunya ba. Faɗa mini a kunne."

Ya sunkuyar da kai ya raɗa mata, ta rubuta.

Bayan shekara guda ciwon hanta ya kwantar da shi. Katin asibiti kuwa yana aiki ne muddin mutum yana cikin ma'aikata. Aka ce wa mai masana'antar, Hajiya Sakina, ta sallame shi ta ɗauki wani. Ta ce, "Direbana hutun jinya yake yi." Wata takwas albashinsa yana zuwa, katin bai mutu ba.

Ana cikin haka ciwon ciki ya murɗe 'yar tamu ta fari. Ni ban san tana cikin katin ba, Malam bai taɓa faɗa mini ba. Kwana biyu ina ba ta jiƙo. Sai ga Inna Habiba mai sharar masana'anta ta zo dubiya. Ta kalle ta, ta daka mini tsawa: "Ke, ajiye ƙwaryar nan! Ina riƙe da tsintsiya aka rubuta sunanta a takardar inshora. Ɗauko mayafinki!" A asibiti likita ya ce afendis ne, wani ɗan hanji ya kumbura, da mun ƙara yini da ya fashe. Da katin nan aka yi mata aiki.

Malam bai tashi ba, amma ya ga 'yarsa ta dawo gida da ƙafarta. Ku taya ni roƙon Allah Ya haskaka kabarinsa.

Yanzu ta gama karatu, ta yi aure, ta haifi mace. Jibi suna. Mijinta ya ce ni zan zaɓa, suna kuwa ɗaya ake raɗawa.

To, ku faɗa mini: Ramatu, Sakina, ko Habiba?