Ranar Da Na'ura Ta Kama Ruwa Da Shan Ƙwaya

Akwai wata ma'aikaciya a ɗakin gwajin da ake auna fitsarin 'yan wasa, don gano masu shan maganin ƙara kuzari. Abokan aikinta suna kiranta Uwar Wanki, saboda duk fitsarin da ta auna sai ta ɗura wa na'urar ruwan wanki ta ɗauraye ta kafin ta saka na gaba.

Shugaban ɗakin kuwa, Dokta, mutum ne mai ji da kansa, ko gaisuwa da ka yake amsawa. Ya fito da wata sabuwar hanyar gwaji mai sauri da yake so ya yi suna da ita, ya soke wankin nan, wai ɓata lokaci ne.

Wata safiya na'ura ta nuna akwai magani a kwalba mai lamba 417. Uwar Wanki ta duba, ta ga kafin wannan kwalbar, ainihin maganin ne Dokta ya zuba don saita na'urar.

"Yallaɓai, ina jin ragowar maganin ne ya maƙale a bututu. A wanke a sake."

"Ke za ki koya min aiki? Ina wannan sana'ar kina goye a bayan uwarki!"

Ya sa hannu a takarda. Ranta ya ɓaci matuƙa. Ta rubuta ƙorafi har sau biyu, ya jefa su a kwandon shara.

Ashe kwalbar ta wata 'yar tseren gudu ce. Aka dakatar da ita, aka cire ta daga babbar gasar da ta daɗe tana shiri, 'yan unguwa suka koma kiranta 'yar ƙwaya.

To, fitsarin kowane ɗan wasa kwalba biyu ake raba shi, ta biyun a ajiye a rufe. Yarinyar ta nemi a buɗe kwalbarta ta biyu a auna a gabanta. Ta zo da mahaifinta da jami'in hukumar wasanni, idanunta duk sun kumbura.

Dokta ya sake saita na'ura da maganin, ya miƙa hannu zai ɗauki kwalbar. Uwar Wanki ta san idan aka yi haka, ta yarinyar nan ta ƙare. Ta sha gabansa.

"Kafin nan, a auna wannan." Ta tari ruwan famfo a gaban kowa.

"Fita min daga ɗaki!"

"Bar ta ta gwada," in ji jami'in.

Na'ura ta gama aikinta, ta nuna akwai magani.

"Yallaɓai," ta ce, "shi ruwan famfon shekara nawa za ka dakatar da shi?"

Dokta ya fara kame-kame. Uwar Wanki ta wanke na'urar, aka auna kwalba ta biyu. Babu komai a ciki.

Mahaifin ya dafe bango yana hamdala. Yarinyar kuwa ko murmushi ba ta yi ba.

"Anti, wankin nan minti nawa yake ci?"

"Minti shida, ƙanwata."

Yarinyar ta juya ta dubi Dokta ido cikin ido.

"Shekara huɗu nake gudu kullum safiya saboda gasar nan. Shekaranjiya aka yi ta, a talabijin na kalla. Minti shida ne ka kasa ba ni?"

An sauke Dokta daga muƙaminsa, an sake auna duk kwalaben da ya sa wa hannu, an wanke sunan yarinyar. Amma gasar da ta wuce, babu mai dawo mata da ita.

Darasi: Abin da kake gani lamba ce a jikin kwalba, rayuwar ɗan wani ce. Kada girman kai ya hana ka jin gyara daga na ƙasa da kai, kada kuma tsoron shugaba ya sa ka haɗiye gaskiya. Ku tura wa duk wanda ke sa hannu a kan makomar mutane.