Siririyar Hanya a Ƙarfen Sabis

Akwai wani mutum da aka ba shi kiwon ƙarfen sabis a kan tudu, a bayan wani gari. Kiwo na ce, gama wayoyi dubu uku ne a ƙarƙashin ƙarfen nan, ya kuma san kowacce da lambarta.

A cikin na'urarsa akwai hanya biyu. Ɗaya mai faɗi ce, ta nan hotuna da waƙoƙi da bidiyo suke bi. Ɗayar siririya ce, ba ta ɗaukar kaya. Ta nan waya takan ce, "Ga ni," ƙarfen ya amsa, "Na ji ki," sa'an nan ya nuna mata inda za ta bi. Ko wayar tana aljihu mai ita yana noma, wannan gaisuwa ba ta yankewa.

Ranar godiyar kaka 'yan birni suka cika garin, kowa yana so ya tura bidiyon rawar zumuntar matan ikkilisiya. Hanya mai faɗi ta cushe. Dattawa suka hau tudu da ƙorafi, har da waɗanda jiya jiya suke zagin waya. Mutumin ya duba siririyar hanya, ya ga kamar ba kowa a kanta, sai ya buɗe wa bidiyo ita don ya faranta musu rai.

Ba a jima ba kome ya tsaya cik. Wayoyi suna ta cewa, "Ga ni," amma kaya sun danne muryarsu.

A sa'ar nan kuwa maciji ya sari wani manomi, Barnaba, a gonarsa, can cikin fadama. Matarsa Keziya ta yi ta kiran mai mota, kiran bai shiga ba, ƙafar kuwa tana ta kumbura.

Mai kiwon ƙarfen ya ga wata waya ɗaya daga fadama tana ta ƙwanƙwasawa, ba ta fasa ba. Ya ce, "Wannan ba waƙa take nema ba." Nan da nan ya kori bidiyo daga siririyar hanya. Kiran Keziya ya shiga, mota ta zo, Barnaba ya rayu.

Ma'anar wannan misali ita ce, hanya mai faɗi hidimarmu ce ta yau da kullum: gona, kasuwa, biki, har da aikin ikkilisiya. Siririyar hanya kuwa addu'a ce. Don ba ta kawo hatsi a buhu, mukan ga kamar wofi take, sai mu cusa mata kaya. Ranar wahala sai mu rasa ta inda za mu yi kira.

Ku duba fa, ƙarfe ne, aikin hannun mutum, ya san dubu uku da lamba. Balle Ubangiji, wanda ya san kowannenmu da suna! Shi bai taɓa toshe hanyar daga wajensa ba. Gobe da safe, kafin ka ɗauki fartanya ko waya, ka fara cewa, "Ga ni."