Mutumin da Ya Kori Mai Gadi Daga Injinsa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan Idaho, a garin da ba zan kama sunansa ba don wasunku sun ci gasasshen nama a gidansa. Mai gyaran famfo ne, mai fara'a, ba giya ba zagi. Ciwonsa ɗaya ne: ba ya son a ce masa tsaya.

Kamar sauran 'yan ƙungiyar harbi, shi yake ɗura harsasan ƙaramar bindigarsa a gareji. Amma duk kaka, Lonnie ƙanin matarsa ne ke ɗauke kofin gasar harbin farantan ƙarfe. Lonnie kuwa ba ya cin nasara shiru. Ana tsakiyar cin abinci zai miƙo kofin ya ce, "Yaya, ɗan riƙe ka ji nauyinsa, kada ka tsufa ba ka sani ba."

Mutuminmu ya rantse bana sai ya karɓe kofin nan. Ya ce maganin abin yawan atisaye, atisaye kuwa harsashi yake ci. Sai ya sayo injin ɗura harsashi mai juyawa, wanda duk ja ɗaya na mariƙinsa yake tofo harsashi kammalalle.

Injin gurbi biyar gare shi, kowane da ƙarfen da ake murɗawa ciki. Wannan ya gyara kwanson harsashi, wannan ya zuba albarushi, wancan ya dasa kan harsashi, wani ya matse baki. Na biyar shi muke kira mai gadi. Ba ya ƙera komai. Leƙa kwanso kawai yake yi, in albarushi ya yi yawa ko babu, ya ƙulle injin cak.

Sai mutumin ya ga wani sabon ƙarfe mai ɗora kan harsashi da kansa. Ya yi kwaɗayinsa, ga shi babu gurbi. Ya nufi shagon Verna, tsohuwar da ke sayar mana da kayan ɗuri.

Verna ta ce, "Ɗana, ɗauki wanda ke dasawa da matsewa a tare, ka sami gurbinka. Bar mai gadi inda yake."

Ya ce, "Haba Mama, Lonnie daban yake matse nasa, ni kuma in haɗa? Shi mai gadin nan ban da tsayar da ni me ya iya? Ai ina da ido biyu."

Ta ce, "Wanda ya sayar mini da shagon nan ma da ido biyu ya fara."

Ya yi dariya, ya koma gida ya kwance mai gadi, ya jefa shi akwatin tarkace.

Aiki ya yi daɗi kuwa. Ranar Asabar yana ja, talabijin na nuna ƙwallo, harsasai na zuba cikin bokiti. Can wani kwanso ya maƙale. Ya mayar da shi baya da hannu, idonsa na kan 'yan wasa, ya sake ja. Kwanson ya sha albarushi sau biyu. Wa zai faɗa masa? Mai faɗar yana cikin tarkace.

Ranar gasa ya yi harbin da bai taɓa yi ba. Ya wuce Lonnie, saura faranti ɗaya, har matarsa ta miƙe daga kujera. Ya ja kunama, ashe harsashin nan ne a ciki, bindiga ta tarwatse a hannunsa.

Lonnie ne ya cire riga ya naɗe masa hannu, ya tuƙa shi asibiti, ko kalma ɗaya ta zolaya bai yi ba. Likita ya ceci hannun, bai ceci manuniya ba. Yatsan da yake harbi da shi ke nan, kuma bai sake tsayawa a layin gasa ba. Na tausaya masa ƙwarai, don mutumin kirki ne.

Ya 'yan uwa, me ya kayar da shi? Ba jahilci ba ne, ya san aikinsa sarai. Girman kai ne. Kowannenmu Allah ya ba shi wani mai tsayar da shi: mata, aboki, ko tsohuwa mai kaifin baki. Ba ya ƙara maka sauri, shi ya sa kake ganin ba shi da amfani. Shekara goma zai yi yana ba ka haushi a banza, saboda rana guda. In ka kore shi, ranar ba za ta fasa zuwa ba.

Allah ya kiyaye mu da jin zafin mai ce mana tsaya, ya bar mu da yatsunmu goma. Amin.