Wanda Ya Kashe Karofi

Hakimi Bagudu ya ɗora wa masu rini haraji a kan kowane ma'aikaci, har suka sallami kowa, karofi ya mutu. Sai Hakimi ya kira shugaban masu rinin, Jatau.

"Ka samo wa mutanen nan aiki kafin Juma'a, ko ka tafi gidan yari. Ba zan rage haraji ba, ba zan kashe kobo ba."

"Ranka ya daɗe, ai da sauƙi. Ɗauke su aikin karɓar harajin karofi, ladansu ya fito daga abin da suka karɓo."

Hakimi ya daka tsawa: "Daga wa za su karɓa? Harajin ai ya kori kowa!"

Jatau ya dubi fadawa. "Ku shaida, ba daga bakina ta fito ba."