Monitar Gidaɗo da Lanƙwasar Ƙ

Akwai wani mutum a Small Heath da ke Birmingham, sunansa Gidaɗo. Sana'arsa zana haruffa a kwamfuta, abin da ake kira font. Yana da hannu sosai, sai dai kansa ya fi hannun girma.

Wata rana Hajiya Hajar, mai koyar da yara Hausa ranar Asabar a Manchester, ta kira shi. Za ta buga littafin karatu, tana son haruffan da ƙ, ɗ da ɓ za su fito tas. Shekara uku yana neman irin wannan aiki bai samu ba.

Allon laftof ɗinsa ya yi masa ƙanƙanta, sai ya yanke shawarar sayen monita, wato babban allon da ake jona wa kwamfuta. Ya ɗauko zancen a wani taron suna a Erdington, yana nuna wa mutane hotonta a waya: ƙatuwa, inci arba'in da tara, mai lanƙwasa, irin ta masu buga gem.

Anti Rhoda na zaune a gefe. Dattijuwa ce 'yar Jos, ta yi shekara goma sha takwas a maɗaba'a kafin ta dawo Birmingham tana kula da tsofaffi.

Ta ce, "Ɗana, wannan ba ta aikinka ba ce. Nemi shimfiɗaɗɗiya, inci ashirin da bakwai ya isa, amma mai ɗige-ɗige ƙanana a cunkushe, yadda ƙaramin rubutu zai fito maka sarai. Kuma kowace monita ka saya, ka riƙa bugawa a takarda kana gani."

Gidaɗo ya yi dariya. "Haba Anti, this is design fa, ba care work ba. Zamaninku na tawada ya wuce."

Wasu suka dara. Anti Rhoda ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da cin shinkafarta.

Ya sayi ƙatuwar. Wata biyu yana aiki, kowane harafi ya buɗe shi kamar faifai, ga kyau. In ya ƙanƙanta rubutun sai komai ya yi dishi-dishi, ya ce ai haka allo yake. Ko sau ɗaya bai buga a takarda ba.

Ranar miƙa aiki ya hau jirgin ƙasa zuwa Manchester, ya sha shadda. Hajiya ta buga shafi ɗaya a gabansa, ta sa tabarau, ta karanta da ƙarfi.

"Baki sun zo gidanmu. Kafa tana yi mini ciwo." Ta ɗago. "Malam Gidaɗo, baƙi na rubuta. Ƙafa na rubuta. Ina lanƙwasar?"

Ya karɓi takardar. Lanƙwasar ta yi siriri har ta ɓace, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d.

"Hajiya, ki ba ni sati uku."

"Maɗaba'a Litinin take jira. Yaran nan da ƙyar suke bambanta sautin, in ba su littafin da zai ƙara rikita su? Zan nemi wani font." Ta cire tabarau. "Ni Rhoda nake jin wa kunya. Ita ta ba ni lambarka, ta ce ta tsaya maka."

A cikin jirgi ya kira Anti Rhoda. Ya fara ba da haƙuri.

Ta ce, "Na yafe, ɗana. Amma Hajiya ta riga ka kira, kuma sunana ne ya zube a wurinta. Ina kan shift a wurin aiki, sai an jima."

Ta kashe wayar. Har yau suna gaisawa in sun haɗu, amma ba ta sake ambaton sunansa ga kowa ba.

Darasi: Kayan aiki don aiki ake sayensa, ba don a gani ba. Kuma kada ka raina mai ba ka shawara saboda aikin da ka tarar da shi yana yi, wataƙila shi ya buɗe maka ƙofar da kake taƙama da ita. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.